Tsakanin Ginshiƙi Na Tara Da Na Goma

Vroni na tsaye gaban murhu tana tsame curin burodi daga cikin romo sa'ad da ta ji takun mahaifinta. Tun daga yadda ya buga takalmansa a dokin ƙofa ta san labari ya riga ta isa gare shi. Ludayin ya suɓuce mata.

"Burgl!" Alois ya ƙwala wa matarsa kira ko hula bai cire ba. "Fito ki ji abin da ake faɗa a kan 'yarki a shagon mahauci! Wai injiniyan nan na masu gondola ke nemanta da aure!"

Mama Burgl ta fito daga ɗakin ajiyar cuku tana goge hannu. "Haba Alois, bi a hankali mana. Zauna ka ci abinci tukuna."

"Ba zan ci ba! Ke Vroni, gaskiya ne ko ƙarya?"

"Gaskiya ne, Baba," ta ce. "Kassian na so ya zo ya gaishe ka ran Lahadi in an taso daga coci—"

"Ya zo gidan wa?"

Shekara talatin da ɗaya Alois Gstrein ya yi yana tsaye a tashar tsoffin kujerun igiya masu kai 'yan zamiyar ƙanƙara saman dutsen Gamskar. Bara aka kwance su, aka sallame shi da agogon hannu da takardar godiya, aka soma kafa sabuwar gondola: ɗakunan gilashi rataye a igiyar ƙarfe, kowanne na cin mutum goma. Abin da ya fi ci masa rai shi ne ba ma'aikaci ko ɗaya da zai tsaya a tasha. Kyamara ce za ta yi kallo, kwamfuta ta buɗe ƙofa ta rufe, mutum ɗaya tak ya zauna a wani ɗaki can ƙasa. Kassian Moser kuwa shi ne matashin injiniyan da ke haɗa wannan aiki.

"Mutumin da zai rataye 'ya'yan mutane a sama ya bar wa inji amanarsu, shi zan ba amanar 'yata?" Alois ya buga tebur. "Ku rubuta ku ajiye, igiyar nan sai ta kashe wani! Ranar kuwa ba za a ce surukina ne ya yi ba. Ki zaɓa, Vroni: ko shi, ko gidan nan!"

Ya fice. Vroni ta durƙushe a gindin murhu ta fashe da kuka, uwar na shafa kanta tana cewa, "Yi haƙuri 'yar nan. Ba ke yake jin haushi ba, tsoro ne ke cin sa."

Washegari ta sami Kassian a gindin dutse cikin hular kwano, ta zayyana masa komai.

"Vroni, shekararki ashirin da huɗu fa. Mu sauka birni kawai, a ofishin rajista minti goma ne an gama. In ya huce sai mu dawo."

"Ba ka san Baba ba. Ba zai huce ba, karyewa zai yi. An raba shi da aikinsa, ni ma in tafi?"

"To ni fa? Ni ba mutum ba ne?"

"Kai nake so, ka sani. Amma ba zan shiga gidanka in bar kuka a namu ba. In za ka iya jira, ka jira ni. In ba za ka iya ba…" Kuka ya ci ƙarfinta.

Ya sauke ajiyar zuciya. "Shi ke nan, daina kukan. Zan jira. Amma wallahi Babanki ya fi dutsen nan tauri!"

Wata bakwai aka yi a haka. Alois ba ya ce mata komai sai "miƙo gishiri" ko "rufe ƙofa". Ita kuwa tsoro ya zame mata abokin zama. Duk sanda helikwafta ya wuce ta saman gidansu da guntun ginshiƙi yana reto a ƙarƙashinsa, ta san Kassian na can sama yana jiran ya tarbe shi, sai maganar mahaifinta ta dawo mata: sai ta kashe wani. Ta rame, har masu sayen cuku suka fara tambaya ko ba ta da lafiya.

A ƙarshen Oktoba ƙanƙarar farko ta sauka. Alois ya ce zai hau dutse ya rufe bukkarsu ta wurin kiwo, ya zubar da ruwan bututu kafin ya daskare ya fasa. Mama Burgl ta ja Vroni gefe. "Bi shi, don Allah. Kwana biyu ke nan yana dafe ƙirji, in na tambaya ya ce ba komai."

Awa uku suka yi suna hawa a ƙafa, ba mai ce wa wani uffan. Da hantsi suka isa. Yana cikin buga katako a taga ta uku ta ji gudumar ta faɗi. Ta leƙo, sai ta gan shi zaune a cikin ƙanƙara, fuskarsa ta koma toka-toka, gumi na keto masa cikin wannan sanyi.

"Baba! Wayyo Allah, Baba!"

"Hannuna… na hagu," ya ce da ƙyar. "Kamar an ɗora mini dutse a ƙirji."

Nan take ta kira lambar agaji. Likitar da ta ɗauka ta ce zuciya ce, ta sa ya tauna asfirin, sannan ta faɗi mummunan labari: hazo ya rufe kwarin gaba ɗaya, ga iska, helikwafta ba zai iya tashi ba. Masu ceto a ƙafa kuwa sai sun yi awa uku.

"Ba shi da awa uku," in ji likitar. "Babu wata hanya?"

Vroni ta ɗaga kai. Can gaba kaɗan sabuwar tashar sama na tsaye, ɗakunan gilashi na shiga suna fita babu kowa a ciki. Ta kira Kassian.

"Vroni, gwaji muke yi," ya ce bayan ya saurare ta. "Gangunan ruwa muke ɗorawa a madadin mutane. Hukuma ba ta ba mu izinin ɗaukar ko mutum ɗaya ba, ga iska na tasowa…" Tana jin numfashinsa. "Kawo shi. Ina da ma'aikata biyu a sama, yanzu za su iso ku. Ni zan zauna a ɗakin sarrafawa da kaina."

Ma'aikatan suka zo da katakon da suke jan kaya a kan ƙanƙara, suka ɗora shi. Sai da Alois ya ga inda aka nufa ya riƙe hannun ɗayansu.

"Ku sauke ni! Gara in mutu a nan da in shiga akwatin nan!"

Vroni, wadda ba ta taɓa ɗaga masa murya ba, ta tsaya a kansa hawaye na zuba. "Wata bakwai ina bin maganarka, Baba. Yau kai za ka bi tawa! In ka warke ka kore ni, na yarda!"

Kassian ya ce a bar ganguna biyu a ciki don nauyinsu ya rage reto, saboda haka ba wurin ma'aikatan. Aka kwantar da Alois a ƙasa, kansa a cinyar 'yarsa. Ƙofa ta rufe da kanta. Ɗakin ya zame ya fita daga tasha, ƙasa ta ɓace, suka faɗa cikin farin hazo.

"Minti goma sha ɗaya ne kawai," muryar Kassian ta fito daga wata 'yar lasifika a saman ƙofa. "Ina ganin ku. Ga motar asibiti nan ta iso."

Vroni na ƙirga ginshiƙai da girgizar da suke yi in sun wuce kowanne. Shida. Bakwai. Takwas. Suna wuce na tara, inda igiyar ke ratsa saman kwazazzabo, sai wani abu ya bugi ɗakin kamar babbar mota. Ya karkata gefe, ruwan ganguna ya yi tsalle, komai ya tsaya cak.

Ta ƙwala ihu. Hazon ya ɗan yage, ta hango ƙasa: tsinin itatuwa can nesa, ƙanana kamar ciyawa, da baƙin ruwa a tsakanin duwatsu. Ɗakin ya tafi dama, ya dawo hagu, igiya na kuka a samansu.

"Kassian! Za mu faɗo! Kassian!"

"Ba za ku faɗo ba, saurare ni! Injin ne ya tsayar da kansa, iska ta wuce ƙa'ida. Ba zai tashi ba sai ta kwanta minti biyar cur."

"To ka tayar da shi da hannu mana! Leɓunan Baba sun yi shuɗi!"

"Zan iya. Amma in iska ta buge ku daidai kuna wuce ginshiƙi na goma, ɗakin zai iya dukan ƙarfen." Muryarsa ta karye. "Ban san yaushe za ta sake bugowa ba, Vroni. Ban sani ba!"

Iska ta sake dukansu. Vroni ta rungume kan mahaifinta tana kiran sunan Yesu da Maryamu, ta tabbata ita ce ta jawo shi ga ajalinsa. Sai ta ji ya motsa. Idonsa a rufe, amma kunnensa yake karkatawa.

"Kai, yaro," ya ce da wata siririyar murya. "Kana ji na?"

"Ina jin ka, Baba."

"Iskar kudu ce, ta tsagar Gamskar take fitowa. Sau uku take bugu, sannan ta ja numfashi kamar na minti biyu. Nawa kake bukata… ka wuce na goma?"

"Daƙiƙa casa'in."

"Sa hannunka a kan abin. Kar ka taɓa sai na ce."

Reton ya fara raguwa.

"Baba, ma'aunin iska ya sauka sosai," in ji Kassian da sauri. "In tayar?"

"Kul! Biyu ta yi. Babbar na tafe."

"Amma na'urar na nuna—"

"Na ce ka jira!"

Vroni na kallon lasifikar, tana jin kamar ta roƙe shi ya danna kawai. Kassian bai danna ba. Ba a yi daƙiƙa ashirin ba ta uku ta iso da wani irin gurnani, ta ɗaga ɗakin har Vroni ta ga sama ta tagar gefe. Ganga ɗaya ta gangaro ta bugi kafaɗarta. Ta rufe mahaifinta da jikinta. Sannan, kamar an rufe ƙofa, shiru.

"Yanzu!" Alois ya fizgo kalmar da sauran ƙarfinsa. "Yanzu, yaro!"

Ɗakin ya zabura. Vroni na ƙirgawa a fili, tana kuka tana ƙirgawa. A tamanin da bakwai baƙin ƙarfen ginshiƙi na goma ya fito daga hazo, ya wuce ta gefensu kusa har tana ganin kusoshinsa. Daga nan suka shiga inuwar daji, inda iska ba ta kaiwa.

Da ƙofa ta buɗe a ƙasa, ma'aikatan asibiti suka sure Alois. Kassian ya fito daga ɗakinsa rigarsa sharkaf da gumi, ya zauna daɓas a kan siminti.

Likitoci suka ce da an ƙara rabin awa da sai dai gawa. Kassian kuwa aka dakatar da shi mako uku ana bincike, sai da likitar agaji ta ba da shaida aka mayar da shi aiki. Bai taɓa faɗa wa Vroni ba, a bakin mutane ta ji.

Ran da aka cire wa Alois robar hanci ya ce a kira masa Kassian. Kassian ya shigo yana murza hula.

"Injin nan naka ya tsaya a lokacin da ya kamata," in ji tsohon, yana kallon bango. "Ni da tsohuwar igiyata, da ban yi saurin haka ba."

"Amma bai san lokacin tashi ba, Baba. In ka warke, ina roƙon ka zauna da mu ka koya mana iskokin dutsen nan. Ba su cikin kowane littafi."

"Hm! Sai yanzu kuka san da ni?" Ya juyo. "Na'urarka ta ce ka tayar, ni na ce ka jira, ka kuwa jira. Me ya sa?"

"Wata bakwai 'yarka na koya mini jira, Baba."

Mama Burgl ta tuntsire da dariya tana share hawaye. Alois ya kamo hannun Vroni, idonsa ya ciko.

"Na zalunce ki, 'yar nan. Da kin yi fushi kin bi shi birni, da ni kaɗai zan hau dutsen ranar, sai bazara a tsinci gawata. Ki yafe mini. Kai kuma, je ka faɗa wa iyayenka ina jiran su."

A watan Mayu aka ɗaura auren a cocin ƙauye, filayen kiwo sun yi kore shar.

'Yan'uwana matasa, Vroni na da 'yancin ta tafi, ba kuma mai iya hana ta. Ta zaɓi ta zauna ta sha ɗacin wata bakwai, ba ta saki masoyinta ba, ba ta kuma juya wa mahaifinta baya ba. Zaman nan ne ya sa tana kusa a ranar da ya faɗi. Ku kuma iyaye, ku riƙa duba zuciyarku kafin ku ce a'a: sau da yawa abin da kuke kira kare 'ya'yanku, ciwonku ne kuke ɗora musu.