Sifanar Yaya

Ranar Laraba ce. Tun azahar ake yayyafi, bai tsananta ba, bai kuma ɗauke ba.

Baba Makaniki yana zaune a bakin shagonsa yana goge hannu da tsumma. Ya daina shiga ƙarƙashin mota tun da gwiwa ta ƙi shi. Abin da ya rage masa shi ne sanin tsofaffin sifanoni. 'Yan gwangwan kan kawo masa su a buhu, ya ɗauki ɗaya ya jinjina, ya ƙwanƙwasa ta a kan ƙarfe ya saurara. Mai rubutu a tashe ta girmi mai rubutu a lotse. Mai awon inci ta girmi mai milimita. Wadda ke da tabon guduma a jiki kuwa, ya ce tun kafin a haife shi aka ƙera ta. Autarsa, wadda ke ɗinki a shagon da ke manne da nasa, takan tsokane shi cewa ya fi sanin shekarun ƙarfe a kan na 'ya'yansa. Shi kuwa yakan ce ai ƙarfe ba ya rage shekarunsa.

Dab da magariba wani dogon mutum ya tsaya a ƙofa. Bai yi sallama ba. Ya ajiye wani abu naɗe cikin buhu, ya ja da baya, ya ce a gaya masa shekarunsa. Rigarsa a bushe take, alhali ba shi da laima.

Baba ya warware buhun. Warin laka ya tashi. Sifana ce mai baki ɗaya, baƙa wuluk, mai awon inci, irin wadda ake yi wa noti mai kusurwa huɗu. An gasa mariƙinta a wuta an lanƙwasa. Ya kankare tsatsa da farce a gindinta, sai ga alamar magagari: zane biyu da ɗaya a gicciye.

Alamar wansa ce.

Wan nan nasa shi ya koya masa aiki. Shi ne mai kula da injin tsohon gidan famfo da ke bayan gari, kuma tun Baba yana saurayi ya tafi can wata rana da almuru bai dawo ba. An yashe ramin injin, ba a samu ko takalminsa ba. Daga baya aka rufe wurin.

Baba ya tambayi baƙon inda ya samo ta. Baƙon ya ce mai ita yana can gidan famfo, ya gaji, yana neman ƙanensa ya zo ya kama masa. Noti ɗaya ya rage a kwance masa shi, sai ya huta.

Auta ta leƙo daga shagonta.

"Baba, da wa kake magana?"

"Da mai aiki."

Ta duba ƙofa, ta dube shi. Ta ce ba ta ga kowa ba, kuma in ya fita cikin ruwan nan da wannan gwiwar, kada ya kira ta shafa masa magani. Ya ce ta rufe shago. Ya ɗauki tocila da sifanar, ya bi bayan mutumin.

Hanyar ta yi caɓi. Takalmin Baba yana nutsewa, yana fitowa da ƙyar. Na gabansa ba ya barin sawu. Baba ya gani. Ya dai ƙara damƙe ƙarfen, ya ci gaba da karanta abin da ya sani a zuci.

Ƙofar gidan famfon a buɗe take. Ciki warin baƙin mai ne da na jemage. Ruwa na ɗiga daga rufi, ɗis, ɗis, a kan tsohon injin. Baƙon ya tsaya a bakin ramin, ya nuna ƙasa da haɓa.

Baba ya sauka ta tsanin ƙarfe, gwiwa na ƙara. A ƙasan ramin akwai wani murfin ƙarfe mai faɗi, notuna sun kewaye shi. Ya taɓa su ɗaya bayan ɗaya. Duk sun saki, da yatsa ma suna juyawa. Ɗaya ne kawai a ɗaure, can a lungu ƙarƙashin bututu.

Murfin yana ɗagawa kaɗan, yana komawa. Kamar ƙirjin mai barci.

Sai murya ta fito daga ƙarƙashi, a hankali.

"Ƙaton Kai, ka zo? Kwance mini."

Ba wanda ya taɓa kiransa haka sai wansa. Idon Baba ya kawo ruwa. Ya durƙusa, ya zura sifanar ƙarƙashin bututun. Ta zauna daram. Don lungun nan aka lanƙwasa ta, kuma ta fuska ɗaya kaɗai take shiga.

Nan ya dakata. Bai taɓa jan sifana ba tare da ya duba bakinta ba. Ya zare ta, ya haska.

Duk jikinta tsatsa, amma cikin bakin yana ƙyalli kamar jiya aka yi aiki da ita. Kuma ƙarfen ya cinye ne ta inda noti ke cizo idan ana ɗaurewa. Wajen kwancewa ko ƙwarzane babu.

Wansa bai taɓa kwance notin nan ba. Duk shekarun nan ɗaurewa yake yi.

Baba ya ɗaga kai. Baƙon yana leƙo shi daga sama. Ƙafafunsa suna bakin rami, amma wuyansa ya sauko har rabin tsani.

"Ka tambayi shekarunta," in ji Baba. "Ta girme ni. Kuma sato ta ka yi daga hannun mai ita."

Ya mayar da sifanar, ya ja dama, wajen ɗaurewa.

Tocila ta mutu.

Murfin ya buga. Ruwa mai sanyi ya feso ta gefe, ya kai masa idon sawu.

Baba ya laluba noti na gaba. Ya ɗaure.

Muryar wansa ta koma kuka, tana roƙo. Sannan ta koma ta Auta.

"Yi duk muryar da ka iya," in ji Baba. "Ni ƙarfe nake saurara."

Ruwa ya kai gwiwa. Wani abu ya kama wuyan hannunsa, sanyi kamar ƙanƙara, yana juya shi hagu.

Ya sa ƙirji a kan mariƙin. Ya tura da duk nauyinsa.

Notin bai motsa ba.

Sai ya ji wani hannu a kan nasa. Mai kaushi, mai ɗumi, babban yatsa guntu. Ya san hannun. Ya sha ranƙwashinsa.

Suka ja tare. Noti ya yi ƙara, ya zauna.

Ruwa ya kai ƙugu lokacin da ya kama tsani. Bai san yadda ya hau ba. Auta ce ta tsince shi a bakin hanya, ta biyo shi da fitila da laima, tana faɗa tana kuka. Sifanar na hannunsa, sai da ta ɓamɓare yatsunsa kafin ta karɓa.

Tun daga ranar wuyan hannunsa na dama yake da zobe ja kamar tsatsa, sabulu bai fitar da shi ba. Bai yi wa kowa bayani ba. Da Auta ta matsa, sai ya ce baffanta ne yake gaishe ta.

Washegari ya tashi da sassafe. Ya kunna injin walda, ya cike bakin sifanar inda ya cinye, ya gyara da magagari har ya koma awonsa na asali. Ya shafe ta da giris. Auta ta ce in ya sake komawa can sai dai ya taka ta ya wuce. Ya ce to ta ɗauko laima ta raka shi.

Ruwan ramin ya janye. Ya sauka, ya ɗora sifanar a kan notin lungu, ya gyara mata zama.

"Yaya, ga kayan aikinka. Ka daina sakaci da su."

Yana kan tsani ya ji ƙarfe ya motsa a bayansa. Ya tsaya ya saurara. Dama aka ja.

Ya ƙarasa hawa, ya je ya buɗe shago.