Ƙofar da Ke Cikin Idon Auta

Rana ta yi ja, inuwar katanga ta kai bakin famfo, sa'ad da dutse na farko ya faɗo a kan rufin gidan Malama Babba. Tsohuwar shugabar makaranta ce, wadda maƙwabta ba su taɓa jin hayaniya daga gidanta ba. Ta ajiye carbi ta saurara. Dutse na biyu ya faɗo, sannan ta ji faɗuwar wani abu mai nauyi a falo.

Autarta ce a ƙasa. Ɗalibar zanen gine-gine ce, kuma a makon aka ba su wani tabarau da ake ɗaurawa a fuska, mutum ya ga kansa yana yawo cikin ginin da ya zana. Haske na ƙyaftawa ta gefen tabaran da ke fuskarta, fari da ja, jikinta na fizga, bakinta na kumfa. Malama ta zare shi, ta juya ta kan gefenta, ta tura matashi ƙarƙashin kanta. Sannan ta rufe tagogi.

Gwaggo, ƙanwar marigayi maigidan, ta ce a tafi asibiti. Malama ta ce gajiyar karatu ce, kuma ba za a ɗauki 'yarta ranga-ranga a bainar jama'a ba. Ta kulle tabaran a kabad.

Kwana uku, duk magariba sai duwatsu su sauka, wata murya ta riƙa kiran Auta daga cikin kabad ɗin. A na huɗu aka tsince ta a ƙasa, tabaran a fuskarta, makullin kuwa yana ɗaure a bakin zanen uwarta.

Gwaggo ta kawo wani dattijon malami mai ruƙiyya. Ya daɗe yana karatu kafin Auta ta buɗe ido, ta yi magana da muryar da ba tata ba. Malamin ya tambayi aljanin ta ina ya shigo.

"Ta walƙiyar nan," in ji muryar. "Ban fasa ƙofa ba, a buɗe na same ta. Gadonta ce."

Malamin ya umarce shi ya fita. Aljanin ya ce zai fita, amma sai uwar yarinyar ta faɗi da bakinta abin da ya same ta tana 'yar shekara goma sha huɗu. In ta ƙi, duk sa'ad da haske ya ƙyafta, shi zai dawo.

 Gwaggo ta juyo tana kallon Malama.

"Yaya, me yake nufi?"

Malama ta dubi leɓen 'yarta da ya fashe. Ta gyara mayafi, ta ce farfaɗiya ce. Ta ce sau biyu ta faɗi a gaban talabijin mai rawar hoto, iyayenta suka ɓoye, ita ma ta ɓoye, har mijinta ya rasu bai sani ba.

Auta ta yi atishawa sau uku, ta kira Mama da muryarta. Rufin bai ƙara motsi ba.

Malamin ya naɗe tabaran a ƙyalle, ya ce nasa aikin ya ƙare, saura na likita.

Washegari da hantsi suka fita ta babbar ƙofa, maƙwabta na leƙe. A asibiti aka miƙo takarda mai tambaya ko akwai mai irin wannan ciwo a dangi. Malama Babba ta karɓi biro, da kyakkyawan rubutun nan nata da ta koya wa ɗaruruwan yara, ta rubuta: mahaifiyarta.