Jinjirin Wata a Madubin Baba

"Ɗauke shi, Abdulmumin! Don Allah ɗauke shi daga gabana!"

Na faɗa ina ja da baya. Kwalin yana buɗe a kan tabarma, a zauren gidanmu da ke Birni. A cikinsa wani baƙin ƙarfe ne mai ƙyalli, mai idanu biyu kamar jumel, madubin hangen nesa na hannu.

"Ummu... me na yi miki?" ya tambaya, murmushinsa na gushewa. "Wata uku ina jiran abokina ya zo da shi daga waje. A bakin madubin Baba ake ɗaura shi, sai ki riƙa kallon sama da ido biyu. Kin huta da runtse ido ɗaya, masoyiyata."

"Ban ce maka na gaji ba."

"Ki gwada kawai. In bai yi miki ba, abokin ya ce a mayar masa kafin azumi."

"Madubin Baba ba ya buƙatar gyara!"

Na tashi na shige gida, na bar shi zaune da kwalinsa. Ya ɗauka kewar mahaifina ce ta sa ni kuka. Akwai kewar, amma ba ita kaɗai ba ce.

Mahaifina, Malam Suma'ila, shekara talatin ya yi yana aikin meteyo, masu duba yanayi. Wani Bature da suka yi aiki tare ya bar masa madubin hangen taurari, farin bututu mai ƙafa uku na katako. Duk ƙarshen wata, bayan la'asar, sai Baba ya saɓa shi a kafaɗa mu hau dutsen da ke bayan gidanmu neman jinjirin wata. Daga can ana ganin rufin soraye, da hayaƙin girki, da awaki suna komawa gida. Aljihunsa ba ya rabo da dabino. Yakan ba ni guda uku, ya ce in ci a hankali, rana ba ta son a yi mata gaggawa.

Ina da shekara bakwai na faɗo daga kan jaki a Gidimuni, garin kakata, kaina ya bugu da dutse. Raunin ya warke, amma idona na hagu ya daina gani. A kallo garau yake, ba wanda zai gane. Likita ya ce jijiyar ce ta mutu.

Na daina wasa, na daina magana. Ranar da Baba ya fara hawa da ni dutse, ya ɗaga ni ya kai fuskata bakin madubin.

"Ummuna, wannan ido ɗaya yake so. Ni sai na wahala na rufe ɗayan. Ke kuwa kin riga ni shiri."

Rannan na ga Zara, na ga ramukan da ke fuskar wata. Rannan na yi dariya.

Mutum uku ne suka san zancen idona: Baba, da Innata, da Balki, ƙawata tun muna lakwal, wato makarantar boko.

Shekara biyu bayan rasuwar Baba, Abdulmumin ya yi sallama a ƙofarmu. Mushe ne, wato malamin makaranta, yana koyar da kimiyya a lise, babbar sakandare, ya ji labarin madubin ya zo aro don ɗalibansa. Na ce ba a aronsa, sai dai in bi shi. Ya yi dariya ya ce ya yarda da sharaɗin. Daga nan zance ya koma wani zance. Sau nawa na buɗe baki in gaya masa? Kullum sai in ce gobe.

Da magaribar ranar da ya kawo kwalin, na ɗaura abin a tsakar gida na leƙa. Watan Sha'aban ya kai rabi, amma sai na gan shi dushi-dushi, ba kamar yadda na saba ba. Na gane dalili. Abin raba haske yake yi gida biyu, rabi ga kowane ido. Rabin na hagu yana tafiya inda ba mai karɓa.

A haka Balki ta shigo ta same ni. Balki 'yar ƙanwar mahaifiyar Abdulmumin ce, kuma na daɗe da lura da irin kallon da take yi masa.

"Iye! Mai ido biyu ya sayo miki?" Ta rufe baki. "Ashe har yanzu bai sani ba?"

"Zan gaya masa, Balki. Ki rufa min asiri."

"Haba ƙawata! Ni da ke?"

Kwana biyu tsakani saƙo ya zo daga Hajiya Maryama, mahaifiyarsa: a dakata da zancen zuwan manya. An gaya mata wai ciwon gado ne a gidanmu, wai ɗaya idon ma yana hanya, wai haka 'ya'yana za su fito.

Inna ta zauna, hawaye na bin kumatunta.

Da la'asar Abdulmumin ya zo. Bai zauna ba.

"Gaskiya ne, Ummul Khairi?"

Bai taɓa kiran cikakken sunana ba sai rannan.

"Idon hagu ba ya gani, gaskiya ne. Sauran ƙarya ce. Faɗuwa na yi ina yarinya."

Ya daɗe yana kallona.

"Shi ya sa kullum kike mayar da ni damanki in muna tafiya..."

Na gyaɗa kai.

"Shekara biyu! Ni da nake zuwa miki da duk abin da ke raina. Kin ɗauka don ido nake sonki? Na tsaya gaban Hajiya kamar wawa, ina rantsuwa ƙarya aka yi miki!"

"Tsoro nake ji, Abdul... tsoron in rasa ka."

"Sai kika bari na ji a bakin wasu."

Ya juya ya hau babur ɗinsa. Ko kwalin bai ɗauka ba.

Kwana goma sha biyu ba kira, ba saƙo. Nakan ɗauki salula in ajiye. Na goge madubin Baba har sau uku, na shafa wa ƙafafunsa mai. A jikin ƙafa ɗaya akwai inda Baba ya riƙa zana tsawona da wuƙa kowace shekara. Zane tara ne. Na zauna ina shafa su ina kuka.

Ranar ashirin da tara ga Sha'aban, na saɓa madubin zan hau dutse ni kaɗai kamar yadda na saba. Ina fita zaure na yi turus.

Abdulmumin ne tsaye. Bayansa Hajiya Maryama ce da farin mayafi, Balki na riƙe mata jaka.

Na durƙusa. "Hajiya, ina wuninku?"

"Lafiya." Ko kallona ba ta yi sosai ba. "Ya dame ni sai na zo na gani da idona. Ya ce daga yau duk abin da na yanke zai bi. To, ga ni."

Abdulmumin ya karɓi madubin daga kafaɗata, ya ɗauki kwalin. Da ya zo gefena ya rage murya.

"Har yanzu ina fushi. Amma na kasa barci, Ummuna."

Inna ta yafa mayafi ta biyo mu. Hajiya na hawa tana hutawa, har muka kai. Muka jira rana ta faɗi gaba ɗaya, yamma ta yi ja. Masallatan Birni suka fara kiran salla, wannan na amsa wancan.

Ya ɗaura sabon abin, ya sa idanunsa biyu. Ya juya dama, ya juya hagu.

"Ban gan shi ba."

Balki ta matso. "Bari masu lafiyar ido su duba." Ta leƙa, ta daɗe, ta ɗago tana yatsina fuska. "Babu komai. Sai jibi azumi."

Jan sararin yana ta raguwa. Na san saura 'yan mintoci kaɗan.

"Mushe, cire shi," na ce.

Ya kalle ni, ya cire. Na kwance bakin zanena na fito da tsohon idon madubin, ɗan guntun tagulla da duk ya kakkarce. Na mayar da shi mazauninsa. Na tuna yadda Baba yake yi: daga inda rana ta nutse, a ɗaga sama kaɗan, a bi a hankali, kada a yi numfashi da ƙarfi.

Na bi... na bi...

Sai ga shi. Siriri kamar zaren auduga, yana rataye a saman wata bishiyar kuka.

"Ga shi nan! Wallahi ga shi nan!"

Abdulmumin ya leƙa. "Allahu Akbar! Hajiya, zo ki gani!"

Hajiya ta sunkuya tana ƙifta idanu. "Ni duhu nake gani."

"Ku rufe ɗaya da mayafi, Hajiya," na ce, na kama gefen mayafin na ɗora mata. "Kada ku matsa sosai. Yawwa... ku duba ƙasa-ƙasa."

Ta sake leƙawa. Sai na ji numfashinta ya canza.

"La ilaha illallah... jinjiri ne." Ba ta ɗago ba. "Rabon da in ga watan azumi ran tsayuwarsa tun ina yarinya a Dakusa. Babanmu ke ɗora ni a wuya, yana nuna min da sandarsa. Yau shekara hamsin."

Da ta miƙe idonta ya cika da ƙwalla. Ta kama haɓata ta juyo da fuskata gabanta.

"'Yar nan, gaya min da bakinki. Me ya sami idon?"

Na gaya mata duka, jakin da dutsen da likitan. Inna ta ƙara da cewa takardar asibitin tana nan cikin akwatin marigayi.

"Me ya hana ki faɗa tun farko?"

"Kuskure na yi, Hajiya. Ku yafe min."

Ta juya wajen Balki. "Ke kuma, gadon da kika ce, a ina kika samo shi?"

Balki ta sunkuyar da kai. Ta ajiye jakar a kan dutse, ta fara gangarawa. Ba wanda ya kira ta. Ni dai raina ya sosu, don tare muka girma.

"Mu sauka kada salla ta wuce," in ji Hajiya. Ta miƙo hannu, ni ta miƙo wa. "Riƙe ni. Kin fi shi sanin hanyar."

A hanya Abdulmumin ya ɗaga kwalin. "Wannan fa? In mayar?"

"Kada ka mayar. Kai wa ɗalibanka, su zai yi wa amfani. Ni a bar min nawa yadda yake."

"An bar miki, sarauniyata. Amma kada ki ƙara ɓoye min komai."

"Na daina."

"Ko da ƙaiƙayin kunne ne!"

Na yi dariya har Hajiya ta ce mu yi hankali, muna gaban manya.

Mako biyu bayan ƙaramar salla aka ɗaura mana aure. Ranar kai kaya, Inna ta naɗe madubin cikin tsohuwar rigar Baba, aka ɗora shi a kan katifu. Da aka isa gidan, mata suka kewaye shi suna taɓawa, wata na cewa bindiga ce, wata na cewa injin taliya ne.

Hajiya Maryama ta ratso su ta ɗauke shi da kanta.

"Ku ja baya! Na surukata ne. Ɗakina za a ajiye shi sai an gama biki, kada wata ta fasa mana."