Inci Huɗu a Ƙugun Amarya

"Ka ƙara jiki, Shafa'atu!"

Anti Tahiratu ce ta faɗi haka, telar da ke ɗinka mini kayan biki a shagonta na unguwar Harlem, nan Amirka. 'Yar Kumasi ce, mace da namiji duk "ka" take ce musu, kuma Allah bai hore mata yin magana a hankali ba. Ta sake zagaya tef ɗin awo a ƙuguna, ta ja, ta leƙa littafinta.

"Wata biyu da ya wuce talatin da biyu ne. Yau talatin da shida. Inci huɗu fa! Zif ba zai hau ba."

"Anti, ki sake aunawa..."

"Sau uku na auna. Kuma duk a ciki ya taru."

Da mu biyu ne kawai a shagon, da dariya za mu yi a wuce wurin. Amma Hajiya Aïchatou na zaune a kujerar bakin ƙofa, mahaifiyar Habibou, wanda saura sati shida a ɗaura mana aure. Ita ta sayi leshin, ta ce sai ta gan shi a jikina. Ba leshin ta kalla ba. Cikina ta kafe da ido, ta daɗe, sannan ta ɗauki jakarta.

"To, madalla," ta ce. Ta fita ko sallama babu.

Ni kuwa na san inda inci huɗun nan suka fito, sai dai bakina a ɗaure yake.

Wata biyu kafin ranar, Habibou ya rako ni tashar jirgin ƙasa bayan ya rufe shagonsa na sayar da wayoyi. Ya nuna mini hoton wata mata a wayarsa, siririya kamar tsinken tsire.

"Masoyiyata, kin ga wannan? Ɗanyen abinci kawai take ci. Babu nama, babu madara, babu ƙwai, babu duk abin da ya hau wuta. Mai koya mana motsa jiki ya ce wata biyu ya isa."

"Ka ce dai na yi maka ƙiba."

"Haba, hasken idona! Ni na ce haka? So nake ranar bikinmu a rasa wadda za a kalla sai ke."

Na yi dariya, amma maganar ta sosa ni. Shekara biyu muna tare, ban taɓa sanin yana auna ni da ido ba.

"Sai dai ki rantse mini," ya ce, "ba za ki gaya wa kowa ni na sa ki ba. Kin san Hajiya. Cewa za ta yi ina horar da ɗiyar mutane da yunwa tun ba ta shigo gidana ba."

Na rantse da Allah. Wauta ce, na sani. A lokacin so nake kiranta.

Haka na bar tuwon Inna da miyar kukarta, na koma kabeji da karas da wani ganye mai ɗaci da ko akuyar garinmu ba za ta kalla ba. Yunwa ba ta barina. In ta taso sai in danne ta da dabino, da ayaba, da fiya, da kashu hannu-hannu, tun safe har in dawo daga gidan tsohuwar da nake kula da ita a Bronx. Ban rame ba. Cikina ya riƙa kumbura yana tauri, yana ƙugi a jirgi har mutane su waiwayo. Duk sanda na yi wa Habibou ƙorafi sai ya ce jiki ne ke wanke kansa, in daure.

Inna ta yi faɗa har ta gaji. Na ce mata yayi ne na 'yan mata. Ta ce, "Yayin hauka dai."

Ranar Lahadi da la'asar aka buga ƙofar gidanmu na Parkchester, a Bronx. Hajiya ce, Habibou na bayanta kansa a ƙasa. Ta ƙi shan ruwan da Inna ta kawo. Ta ce a kira Malam Barmo, wato Baba, don maganar ba ta mata kaɗai ba ce.

"Ni ban iya kwana-kwana ba," ta ce. "Aminatou, ɗiyarki ciki gare ta."

Kofin da ke hannun Inna ya faɗi.

"Innalillahi! Hajiya, mi kike faɗi haka?"

"Abin da na gani. Na haifi bakwai, na karɓi haihuwa ba adadi tun muna Maraɗi. A taron suna na gidan Firdaoussi an miƙa mata nama ta kauda kai. Aka fara suya, ta toshe hanci ta ruga bayi. Da idona na ga ɗanyen mangwaro a jakarta tana gatsa a ɓoye. Ga kasala, ga gyatsa. Shekaranjiya kuma tela ta ce inci huɗu! In ba laulayi ba ne wannan, ku gaya mini sunansa."

Duk abin da ta lissafa ya faru, wannan ne ya kashe ni. Wata biyu ban ci nama ba, ƙaurin suya ya tayar mini da zuciya. Mangwaron kuwa abincin ranata ne.

"Wallahi Hajiya ba haka ba ne! Abinci na canza... ɗanyen ganye nake ci, shi ke kumbura mini ciki."

"Ganye!" Ta yi wata dariya marar daɗi. "Tun da nake ban taɓa jin wanda ganye ya sa wa ƙiba ba. Kuma wa ya aike ki? Amarya ana shirin ba ta kaza da romo, ita ta koma kiwo?"

Na juya na kalli Habibou. Kalma ɗaya nake jira: ni ne. Ya ɗago, idonmu ya haɗu, ya mayar da nasa kan wayarsa.

"Habibou..." na ce.

Baba ya gyara murya.

"Yaro, dube ni. Ka san wani abu game da wannan magana?"

"Baba, ni dai ban taɓa ko riƙe hannunta ba, Allah ne shaidata."

Kansa ya wanke. Ni ya bar ni a cikin taɓon, har ya ƙara danna ni, don in ba nasa ba ne to na wani ne ke nan.

"Ta je ta yi gwaji kawai," ya ƙara da cewa, "kowa ya huta."

Baba bai dube ni ba. Ya tashi ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa a hankali, kuma da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Bayan sun tafi na faɗa jikin Inna na fasa rantsuwar. Na gaya mata komai, da hoton matar, da tashar jirgi. Ta ce in yi azumi uku na kaffara, ita kuma ta ɗauki waya ta kira Hajiya. A fili ta sa muryar, ina ji Hajiya ta tambayi ɗanta.

"Ni?" in ji Habibou. "Hoto kawai na taɓa nuna mata. Ban tuna na ce ta yi wani abu ba."

Washegari muka je asibiti ni da Inna. Likitar mace ce, ta ɗebi jini, ta danna cikina, ta tambaye ni abin da nake ci a yini. Da na lissafa mata sai ta girgiza kai. Ta ce babu ciki, iska ce ta cika mini hanji saboda na afka wa ɗanyen ganye lokaci ɗaya, dabino da kashun kuma sun fi tuwon da nake gudu sa ƙiba. Ta ce in koma dafaffen abinci kaɗan-kaɗan. Ta rubuta takarda ta sa hannu.

Inna ta rungume takardar nan har gida. Ta dama mini kunu, ta dafa shinkafa mai laushi. Cikin kwana goma cikina ya saɓe, ya koma yadda Allah ya yi shi. Na ce shi ke nan, gaskiya ta fito.

Ashe ban san mutane ba.

Inna ta kai wa Hajiya takardar da kanta, ta ja ni muka tafi tare don ta gan ni da idonta. Hajiya ta riƙe takardar da yatsu biyu, ta kalli cikina da ya lafe, ta taɓe baki.

"Voilà, kin gani ko! Kwana goma da suka wuce ga shi tirtsitsi, yau babu. Aminatou, nan Amirka ne. A shiga asibiti da safe a fito kafin azahar, docteur ya rubuta duk abin da aka ce ya rubuta."

"Hajiya, ki ji tsoron Allah!"

"Shi nake ji, shi ya sa ba zan kai wa ɗana ragowar wani ba."

Da cikin ya zauna, ciki ne. Da ya tafi, an zubar. Babu ƙofar da ta bar mini.

Maganar ta zaga Harlem, ta hau jirgi ta iso Bronx, har Maraɗi ta kai ta waya. Matan da suka yanki ankon bikina suka daina amsa gaisuwar Inna. Baba ya bar masallacin da ya yi shekara goma sha tara yana salla, ya koma wani mai nisa inda ba a san fuskarsa ba. Ya karanta takardar, ya ce ya yarda da ni, amma har yau in na kawo masa shayi tiren yake kallo.

Ni kuma abinci ya fita raina gaba ɗaya, ɗanye da dafaffe. Sai in zauna gaban kwano har ya huce. Anti Tahiratu ta aiko da rigar, ba ta buɗa ko inci ɗaya ba, ta ce ba ta da zuciyar taɓa ta. Na gwada ta wata rana don in azabtar da kaina. Zif ɗin ya hau har wuya, rigar tana yawo a jikina.

Sati biyar Habibou bai kira ba. Ranar Asabar ɗin da ya kamata a ɗaura aurenmu, da hantsi, sai ga saƙonsa: yana ƙasa, wurin maɓuɓɓugar ruwan da ke tsakiyar unguwarmu.

Na ninke rigar na sa a jaka, na sauka. Ba zan yi ƙarya ba. Har a lokacin ina son sa. Da ya ce mini "ni ne, na tuba," wallahi da na koma.

Ya miƙe da ya hango ni, fuskarsa ta washe.

"Shafa! Masoyiyata, na yi kewarki..."

"Me ya kawo ka?"

"Albishir. Na shawo kan Hajiya. Ta yarda a ɗaura bayan Sallah, ba taro, mu da mu kawai."

"Me ka ce mata?"

"Na ce ni na ji na gani. Na ce ko me ya faru, na yafe miki."

Na ja da baya.

"Ka yafe mini me, Habibou?"

"Ke ma kin san magana ce kawai, don ta sauko..."

"Ka gaya mata kai ka sa ni cin ganyen nan? Ka gaya mata ka rantsar da ni?"

"Haba Shafa, wannan ai ya wuce. In na faɗa yanzu na zama maƙaryaci a gaban mahaifiyata. So kike ta tsine mini?"

"Ni kuma in zama me a gaban nawa uban?"

Ya sosa ƙeya, sai ya shiga kallona daga sama har ƙasa. Na ga murmushi na dawo masa, irin na ranar tashar jirgi.

"Amma fa kin yi kyau," ya ce a hankali. "Kin faɗa sosai. Kin ga? Haka nake son ki tun farko."

Na tsaya ina kallonsa. Sati biyar ina kuka, ba na ci, ba na barci, ƙasusuwan wuyana duk sun fito, shi kuwa abin da ya nema ya samu.

Na miƙa masa jakar.

"Mene ne wannan?"

"Rigar ce. Ta yi mini daidai yanzu, har da saura. Ka kai wa Hajiya leshinta."

"Shafa, tsaya! Shafa'atu!"

Ban waiwaya ba, don na san in na waiwaya zai ga hawayena ya ɗauka nasa ne.

Da na shiga gida Inna na kicin, ƙamshin miyar kuka da naman rago ya cika falo. Ta dubi hannuna babu jaka, ta dubi fuskata, ba ta tambaye ni komai ba. Ta zuba tuwo, ta tsamo tsoka biyu ta ɗora a kai, ta ajiye a gabana.

"Ci, ɗiyata."

Na wanke hannu na zauna. Loma ta farko ta tsaya mini a maƙogwaro, kuka ya ƙwace mini, Inna ta dafa bayana tana shafawa har ta wuce. Sannan na yanki ta biyu.