Zane Uku a Wuyan Raƙumi

Shekara huɗu ke nan ina riƙe da wani littafin rubutu wanda ba nawa ba, kuma a duk tsawon lokacin nan na san inda mai shi take. Sunana Burahima. Na karantar a lakwal, wato makarantar boko, shekara ashirin da shida kafin wata cibiya ta Yamai ta ɗauke ni in shugabanci masu bincikenta a Gure, a kan dalilan da ke kai samari hannun 'yan bindiga. Mai littafin kuwa Huda ce, tsohuwar ɗalibata, wadda ta fi kowa a cikinmu iya sa mutum ya buɗe cikinsa.

Ranar Laraba bayan la'asar ta shigo ofishinmu da muke kira biro ba tare da sallama ba, ta ajiye takarda a kan tebur.

"Sun ba ni, Mushe." Haka ɗalibanmu ke kiran malami, da Faransanci.

"Burs ɗin? Tallafin karatun?"

"Shekara uku. Karatun dakta, da ɗaki, da albashi... Sun ce rahotonmu na Kelle ne ya burge su."

"Kai, barka! Mutum nawa suka nema ba su samu ba!"

"Kada ka yi mini barka!"

Ta zauna, ta ja gyalenta ta rufe rabin fuska.

"Jibirilla ya zo jiya."

Jibirilla ɗan makiyaya ne daga Kelle, mai sayar da raƙuma a kasuwar Gure. Wata shekara ya kora dabbobi gabas, wajen tafki, 'yan bindiga suka tare shi, suka riƙe shi wata takwas yana yi musu kiwo, har Allah ya ba shi sa'ar gudu. Danginsa suka shaida wa jama'a cewa Libiya ya tafi ci-rani. Mutum ɗaya tak ya gaya wa gaskiya, ita ce Huda, domin a lokacin an riga an kai goron neman aurenta, kuma ta yi masa alkawarin da muke yi wa duk wanda muka yi hira da shi: za a sauya suna, ba wanda zai gane shi.

Ta cika alkawarinta. A cikin littafin ta kira shi Ɗan Talata. Akwai wuri guda inda ya ce yakan gane raƙuman ubansa a garken da aka sace ta alamar da ake yi musu da ƙarfe mai zafi, zane uku a wuya da ɗigo a ƙarƙashi, yana shayar da su yana kuka. Ta sa jan bik, alƙalaminta mai jan tawada, ta soke wannan layi, ta rubuta a gefe: a cire.

Ni na mayar da shi a cikin rahoton. Masu ba da kuɗin binciken sun rubuto cewa rahoton ya bushe, suna son abin da zai taɓa zuciya kafin su sabunta aikin, kuma abincin mutum tara ya rataya a kan amsarsu. Na ce wa kaina ai an sauya suna, kuma da Faransanci ne, wa zai karanta a Gure? Amma kakana ma yana da alamarsa. Na sani sarai cewa a wurin makiyaya suna ɗaya kan zama na mutum goma, alama kuwa ta gida ɗaya ce.

Sahabi, abokin aikinta da ya taɓa neman ta ta ƙi shi, shi ya fassara wannan shafi na rahoton da Hausa a wurin masu shan shayi na kasuwar dabbobi, nan take aka gane alamar gidan su Jibirilla. Jandarmomi suka riƙe Jibirilla kwana tara, suka sake shi ba laifi. Dillalai suka daina taya raƙumansa. Mahaifin Huda ya ce ba zai haɗa jini da mutumin daji ba. Goggo Yabawa, uwar Jibirilla, ta ce ita ma ba ta son surukar da ke sayar da bakin mutane ga Nasara. Da Huda ta nemi littafinta ta duba, na ce an aika da shi Yamai, ya ɓace a can.

"Me ya ce?" na tambaye ta.

"Ya tsaya a ƙofar gida kamar baƙo. Ya ce, 'Hasken idona, na ji za ki tafi.' Shekara huɗu bai kira ni haka ba, Mushe! Ya ce Baba ya sauko. Goggo ma ta gaji, don duk yarinyar da ta kawo masa sai ya ƙi. Abu ɗaya ya rage... Goggo ta ce in rantse ba ni na fitar da alamar gidansu ba."

"To, ki rantse mana."

Har yau ina mamakin yadda bakina ya iya furta wannan.

"In rantse da me? Wani lokaci ina ganin jan bik ɗin a hannuna, wani lokaci ba na ganinsa. Hira arba'in na yi a watan nan. In mantawa na yi fa? Ba zan ɗora hannu a kan Alƙur'ani da 'ina zato' ba."

"Shi kuma?"

"Ya ce ko ni ce, ya yafe. Na ce ba na so! In ni ce, da wane ido zan kalli uwarsa a tsakar gida ɗaya? Gara in tafi in zama dakta a kan wahalarsa, tunda abin da na iya ke nan."

Ta turo mini takardar.

"Motar Yamai gobe da hantsi. Sa mini hannu a nan, tunda kai ne shugabana."

Na sa mata. Ban ko yi jinkiri ba, kuma na faɗi haka ne don a san irin mutumin da nake.

Bayan fitarta na buɗe akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin tebur. Littafin na nan inda na ajiye shi, ƙarƙashin takardun gayyata zuwa tarurrukan da aka tafa mini saboda wannan shafi. Dokar cibiyarmu a fili take: duk wanda ya tona mai ba da hira, an sallame shi, kuma sunansa ya mutu a wannan fanni. Na daɗe ina kallon bangon littafin har aka kira magariba.

Da hantsi na tarar da ita da Jibirilla a tasha. Yana riƙe da hannun jakarta ɗaya, tana riƙe da ɗayan.

"Rabin raina, ko mako guda ki ƙara..."

"In ƙara in yi me?"

"Ki yi ta yi mini faɗa. Wallahi na yi kewarsa."

"Sakar mini jaka, Jibo, mutane na kallo!"

"Su kalla! Shekara huɗu suna kallona, sun saba."

Na yi sallama. Na miƙa mata littafin.

"Mushe... ka ce ya ɓace."

"Buɗe shafi na sha ɗaya."

Ta buɗe. Jan layin ya ɗan koɗe, amma yana nan, da kalmomi biyun a gefe cikin rubutunta. Ta bi su da yatsa sau biyu. Sannan ta ɗago ta dube ni, kallon da ban taɓa samu daga ɗalibi ba. Ba ta tambaye ni komai ba. Mutum biyu ne kawai suka taɓa riƙe littafin nan, kuma ta iya ƙirga. Ta juya wurinsa.

"Ina Goggo?"

"Tana gidan kawuna, bayan kasuwa."

"Mu je. Zan rantse mata."

"Da gaske? To motar fa?"

"Akwai ta Asabar. Karatu sai wata mai zuwa."

"Shekara ukun fa, sanyin zuciyata?"

"Ka jira huɗu kana fushi, uku za su gagare ka kana murna?"

"Zan jira! Amma a ɗaura tukuna, kada wani dakta ya riga ni!"

Ta yi dariya, hawaye na sauka a kan shafin. Ya karɓe jakar gaba ɗaya ya saɓa a kafaɗa. Sai ya tuna da ni, ya ɗan rusuna kamar yadda ya saba.

"Baba, Allah ya saka da alheri. Ni ban yi boko ba. Me ke cikin takardar nan haka?"

"Mu tafi, Jibo," in ji Huda da sauri. "Rana na yi."

Ta ba ni hanya in wuce da mutuncina, kamar yadda ɗalibi kan yi wa malaminsa. Mai motar ma ya fara kiran fasinjoji, hayaniya ta isa ta rufe komai.

"Dakata, Jibirilla," na ce. "Ita ta soke alamar gidanku. Ni na mayar da ita, da hannuna. Zan bi ku in maimaita haka a gaban Goggo."

Ya sauke jakar a hankali ya ajiye ta ƙasa. Na tsaya inda nake, ina jiran abin da zai ce.