Hannuwan Mai Aski

Ƙarar famfo ce ta tashe ta da safe, kamar jiya, kamar shekaranjiya. Auta ta tura ƙofar ban ɗaki ta tarar da mijinta a sunkuye, yana dirzar hannuwansa da soson ƙarfe na wanke tukunya. Kumfar da ke zuba a ƙasa ta yi ja.

"Masoyi... ya isa haka."

"Saura kaɗan," ya ce, bai ko ɗago ba. "Kar ki matso."

Ta miƙa hannu za ta riƙe shi, ya ja da baya har ƙeyarsa ta bugi bango, yana kallonta kamar garwashi ta ɗebo.

Ranar kwana goma sha tara ke nan da aka sa dokar kulle saboda annoba, watansu biyar da aure.

Mijin mai aski ne, shagonsa na bakin titi, kujera biyu da madubi ɗaya. Da can bakinsa ba ya hutawa. Mai sanƙo ma in ya zauna sai ya tambaye shi wane gefe za a fara. Ana gobe za a rufe gari ya gyara wa wani dattijo gemu, tsohon malamin makaranta da ya saba zuwa wurinsa duk mako biyu. Bayan kwana tara aka bugo waya cewa dattijon ya rasu, kuma cutar ce. Ma'aikatan lafiya suka zo suka gwada mijin da Auta, aka ce ba su da komai. Amma ya kafe a kan cewa shi ya kwaso ta daga kan wani ya shafa wa tsohon a fuska.

Tun daga ranar ya ware kwanonsa da kofinsa, ya kwashe shimfiɗa ya koma falo. Ɗaki da falo ne a hawa na biyu, taku shida ya gama su, amma ko gefen zanenta bai yarda ya taɓa ba.

Kullum Mama, mahaifiyar Auta, sai ta kira, kullum Auta sai ta ce lafiya lau suke, yana gaishe ta. A ganinta rufa wa miji asiri shi ne ta yi shiru. Kuskurenta na farko ke nan, kuma ba ƙarami ba ne. Na biyu ya fi shi muni. Ta tattara duk sabulun gidan ta ɓoye a ƙasan akwatinta, wai in bai gani ba zai haƙura.

Bai haƙura ba.

Tana dafa shayi ta ji wari mai yaji ya cika gidan. Ta same shi ya tsiyaya ruwan wanke ban ɗaki a roba, mai ƙarfin nan da ke cinye launin tufa, ya tsoma hannuwansa har wuyan hannu. Hawaye na zuba daga idonsa.

Ta sa takunkumi ta sauka da gudu zuwa kemis ɗin ƙasan layi, shi kaɗai aka bari a buɗe a layinsu. Mai kemis ɗin kuwa ya taɓa neman aurenta, har iyayensa sun je gidansu, ta ce ba ta yi. Ya miƙo mata bandeji da man ƙuna, yana murmushi ta bayan gilas, ya ce wannan ne karo na huɗu a mako guda, ko angon ne ya fara yi wa kansa aski da wuƙa? Ta ce tafasasshen ruwa ne. Ya ce Allah ya sawwaƙe, ai ruwan gidansu akwai zafi.

Kafin la'asar Yaya ya kira.

Shi ne babban wan Auta, shi ke riƙe da gidan tun rasuwar mahaifinsu, kuma tun farko bai so auren ba. Ya ce labari ya iso masa, mijinta ya taɓu, kuma mai reza a gida in ya taɓu ba a jira a ga ƙarshensa. Ta rantse ba haka ba ne. Mama ta karɓi wayar tana kuka, ta ce ashe duk gaisuwar nan ƙarya ake shirga mata. Ranar da aka buɗe hanya don cefane, Yaya zai zo ya ɗauke ta.

Saura kwana uku ranar.

Auta ta zauna a bakin gado ta kalli kanta a madubin sif. Kitsonta ya tsufa ya cukurkuɗe, wuyanta ya zurma. Ta yi ƙoƙarin tuna ranar da ta ci abinci ta ƙoshi, ta kasa. Sai ta tuna da wata lamba da ake yawan faɗa a rediyo, ta masu damuwa a lokacin kulle. Ta kira.

Wata likita ce ta ɗauka, babbar mace daga jin murya. Ta bar Auta ta yi kukanta ta gama, sannan ta yi mata tambayoyi, ta kuma nemi a ba ta mijin. Da ƙyar ya yarda aka ajiye wayar a kan tebur ya yi magana daga nesa. Likitar ta ce wannan ba hauka ba ne, tsoro ne da ɗora wa kai laifi suka haɗu da zaman wuri ɗaya, kuma ana samun sauƙi, sai dai ba a kwana biyu ba. A fito da sabulu, a kawar da ruwan nan mai ƙuna. Su riƙa tashi lokaci ɗaya, su ci abinci tare ko da kowa da kwanonsa, su buɗe taga, su rage sauraron adadin waɗanda suka mutu. In wankin ya taso masa, ya jira minti biyar tukuna. Za ta riƙa kira duk bayan kwana biyu har a samu damar ganinsa ido da ido.

"Ke ma ba ki da lafiya, 'yata," ta ce a ƙarshe. "Ki samu wanda za ki riƙa faɗa wa gaskiya."

Ranar cefane Yaya ya iso da hantsi. Ta taga Auta ta hango mai kemis jingine da motar, yana nuna masa matakala.

Yaya bai zauna ba. Ya kalli tabarmar falo, ya kalli hannuwan da aka naɗe kamar na kuturu, ya ce Auta ta ɗauko mayafinta, kaya a biyo da su daga baya. Ya juya ga mijin ya ce in da sauran mutunci a jikinsa, ya sauwaƙe mata yanzu kowa ya huta.

Mijin na tsugune a kusurwa. Ya kalli hannuwansa.

"Yaya ya yi gaskiya, Auta," ya ce a hankali. "Ki bi shi. Me zan yi miki da waɗannan hannuwan? Na kashe mutum ɗaya, ba zan..."

"Rufe min baki."

Tunda suka yi aure ba ta taɓa yi masa magana haka ba. Ta juya ta durƙusa a gaban wanta.

"Yaya, na yi muku ƙarya, ku yafe min. Ba shi da lafiya, ni ma ba ni da ita, likita na duba mu. Bai taɓa ɗaga min ko yatsa ba. Da zazzaɓi ne ya kwantar da shi, za ka ce in tsallake shi in shiga mota?"

Yaya ya ce zazzaɓi daban, wannan daban, kuma ba zai tsaya musu da ƙanwar bayansa ba. Ya kira Mama ya sa wayar a bainar kowa. Mama ta ce in Auta ta zaɓi zama, to ta zauna, amma kar ta ƙara kiranta ta ce mata lafiya lau, kar ma ta kira.

"Mama..."

Wayar ta mutu.

Yaya ya tsaya a bakin ƙofa ya ba ta lokaci. Ba ta tashi ba. Ya sauka, suka ji tashin motar.

An ƙara wa kullen mako uku. Likita ta cika alkawari, tana kira. Akwai ranar da mijin ya yi wankin sau huɗu kacal, har ya ce kitson Auta ya zama sheƙar tsuntsu, a ba shi almakashi ya taimaki al'umma, ta yi dariya har da hawaye. Akwai kuma ranar da ya koma gidan jiya, ta zauna a ƙofar ban ɗaki tana jin famfo har rana ta karkata. Shagon askin kuwa mai ginin ya ba wani haya. Cefanen kemis sai ta taka layi uku zuwa wani daban. Duk safiya tana kiran Mama sau ɗaya, wayar ta yi ta ƙara har ta katse.

Wata ranar da yamma yana fama da bandeji, yana ja da haƙori, ya kasa ɗaurewa. Ta zauna nesa kaɗan tana kallo, ba ta sa hannu ba, don likita ta ce kar ta tilasta masa.

Ya tsaya. Ya kalli hannun, ya kalle ta.

"Zuciyata... zo ki ɗaure min."

Ta matso a hankali. Fatar hannun duk ta yi tabo. Ta naɗe, ta ɗaure, ba ta saki ba, shi ma bai janye ba. Gumi ya keto masa a goshi, idonsa na kan ƙofar ban ɗaki.

"Minti biyar," ya ce da ƙyar. "Duba min agogo."

Ta duba, tana riƙe da shi.

"Saura huɗu," ta ce.