Kan da Ke Kallon Baya

Ƙarfe tara saura na safiyar Asabar, Dattijo Obadiah ya buɗe akwatin gilashi a zauren taro na cocinsu da ke Plumstead, ya ɗaga 'yar tankar wasa don ya goge mata ƙura. Sai ya ji ta sakayau a hannu kamar kwalin ashana. Tasa ta ƙarfe ce. Wannan kuwa roba ce aka shafa wa fenti.

Rhoda Jang tana kwance wayarta ta yi ƙara. Shekararta goma sha takwas tana aikin bincike a 'yan sandan London, kuma wannan ce Asabar ta farko da ta samu hutu cikin wata guda. Amma a cocinsu ba a san 'yar sanda da hutu ba. Ko lema aka ɗauke, ita ake kira. Ta ja doguwar riga ta hau bas, tana jin haushin kanta da ta ɗauki wayar.

Ta tarar da zauren cike da tebura, kowanne ɗauke da mutum-mutumin wasa irin waɗanda ake naɗewa su koma mota. Dattijo tsohon direban bas ne, ya zo London tun 1979, kuma shekara talatin yana tara su. Yau da ƙarfe biyu zai buɗe baje kolinsu. Sunan da ke jikin kwalinsu dogo ne, amma a Jos, inda Rhoda ta tashi, Ɗan Rikiɗa ake ce musu.

"Rhoda, kin ga wancan layin?" in ji Dattijo. "Na farko ke nan, 1981, daga Japan, ƙarfe zalla. A 1986 aka sayar da kamfanin, sababbin masu shi suka koma roba, suka cika launi. Sai kuma bayan shekara ashirin..."

"Baba, wanne aka ɗauka?"

"Ina zuwa. Bayan shekara ashirin suka sake buga na farkon, kama ɗaya, amma da roba. Irinsa aka ajiye mini. Na asalin, uban gidan duka, shi aka sace."

"Wa ke da makulli?"

"Ni, sai Katung sakataren zaure, sai mai shara. Nawa kuma Marvellous 'yata takan karɓa." Ya rage murya. "Amma kada ki wahalar da kanki. Dubi yadda aka naɗe shi. Kan nan cikin gidan direba yake shiga, ba a ganinsa. Ga shi an bar shi waje yana kallon baya. Wanda bai san komai ba ne ya yi wannan. Na riga na kira agency, kamfanin da ke turo mana mai sharar, na ce kada su sake turo ta."

Rhoda ta dubi tankar. Kan mutum-mutumin yana zaune bayan gidan direba, fuskarsa na kallon tankin. Ta daɗe tana kallo fiye da yadda ya kamata. Sannan ta warware shi gaba ɗaya har ya miƙe tsaye da hannu da ƙafa, ta riƙe shi ta nufi kicin.

Rukayatu mai shara tana zaune kan kujerar roba da jakarta a cinya. 'Yar unguwar Nima ce ta Accra, ta haura hamsin, ita kaɗai ce Musulma da ke shiga ginin nan kullum tun kafin gari ya waye sosai.

"Mma Rukayatu, sannu. Yaushe kika zo yau?"

"Shida, Madam. Kullum shida. Na yi mopping, na goge glass ta waje. Ban buɗe shi ba."

"Makullin akwatin yana cikin naki?"

"Duka suna ɗaure wuri ɗaya. Ni ban san wanne na wanne ba, na ƙofa kawai na sani." Ta nuna wayarta. "Agency ya yi text, an yi cancel ɗin shift nawa na nan. Madam, in ya rubuta sata a file, sauran wuri biyu ma zai tafi. Shekara tara ina shara nan, ko biro ban ɗauka ba."

Rhoda ta miƙa mata mutum-mutumin. "Mayar mini da shi mota."

Rukayatu ta juya shi, ta lanƙwasa hannu ɗaya, ta ja ƙafa, ƙafar ta ƙi. Ta ajiye shi a hankali kamar ƙwai.

"Kada ya karye a ce ni ne kuma."

Marvellous tana can tana manna takardun bayani a bango. A London aka haife ta, tana jin Hausa sarai amma da Turanci take amsawa. Ta ce jiya tun safe tana asibitin da take aiki a Marylebone, ba ta leƙo zauren ba, kuma ana iya tambaya. Rhoda ta ba ta abin. Kafin a ƙirga talatin ta naɗe shi tsaf, ta danna wani ɗan ƙarfe da ke ɓoye ƙarƙashin ƙirjinsa, kan ya shige ciki.

"Twenty steps," in ji ta, tana nuna takardar kamfani da ubanta ya lulluɓe da leda. Mataki ashirin ne, kuma tun tana shekara shida ya sa ta haddace su.

"Na robar nan, a yaya yake zuwa cikin kwali? Mota ko mutum?"

A tsaye yake zuwa, in ji Marvellous, kuma kowa na iya yin odarsa ta waya ya iso cikin kwana biyu. Ta ƙara da cewa na asalin ma ba wani kyau gare shi ba, fentinsa ya goge, tayarsa ɗaya ba tasa ba ce. Ran Litinin ubanta zai kai shi wurin mai gyara a canja tayar a sake fenti.

"Wa ya san da haka?"

Kowa, in ji ta. Ran Talata da suke jera kaya ya faɗa a gaban kowa.

Rhoda ta sake warware shi. Bayanta ya fara ciwo, ba ta ko sha shayi ba, kuma ta soma ganin inda maganar za ta ƙare, abin da bai yi mata daɗi ba ko kaɗan.

Katung yana ɗan ƙaramin ofis yana jera takardun shiga. Mutum ne mai sanyi, mai kula da tsofaffi a wani gida a Woolwich, wanda ba a taɓa jin muryarsa sama da ta kowa ba.

"Yaya Katung, jiya ka shigo?"

"Da la'asar. Na kawo kujeru, na kunna heater, na fita."

"Ka taɓa akwatin?"

"Ni me na sani game da kayan wasa? Ban taɓa riƙe irin abin nan ba."

"To." Ta zauna, ta ajiye mutum-mutumin a gabansa kamar ta gaji da riƙo, ta shiga laluben jakarta. "Ba ya shiga jakar nan a tsaye, abin haushi. Kai a wace unguwa ma ka tashi a Jos?"

"Jenta. Bayan makarantar nan."

"Ashe kusa muke. Kana tuna mai ƙosan bakin gada?"

Ya tuna ta. Ya tuna sunanta, da kaskonta, da yadda take korar yara da matsami. Yana magana yana murmushi, hannuwansa kuwa suka ɗauki abin da ke kan tebur. Ƙafafu suka shige, hannaye suka kwanta ƙarƙashi, tanki ya rufe. Babban yatsansa ya murɗa kan ya juya shi baya, ya zaunar da shi bayan gidan direba. Ya turo mata tankar.

"Ga shi, yanzu zai shi..."

Bai ƙarasa ba. Su biyu suka tsaya suna kallon kan.

"Yaron mota muke ce masa," in ji Rhoda. "Ku ma haka?"

Ya janye hannunsa daga kan tebur. "Mu ma haka."

Ta kira Dattijo, ta rufe ƙofa, ta ajiye tankar a tsakiyarsu.

"Baba, ka ce wanda bai san komai ba ne ya naɗe wannan. Mataki ashirin ne. Goma sha tara daidai suke, kowace gaɓa ta kama. Mma Rukayatu ko na farko ba ta iya ba. Marvellous ba za ta bar kai a waje ba ko tana barci, kai ma haka, don ku da takarda kuka koya. Mu a Jos namu cikin dilar gwanjo suke zuwa a kasuwar Katako, ba kwali ba takarda. Ba wanda ya san da ɗan ƙarfen nan na ƙirji. Sai muka riƙa juya kan baya mu ce yaron mota ne yana duba kaya. Duk wanda ya naɗe wannan a can ya koya, kuma ya naɗe ya fi sau dubu. Na robar a tsaye yake zuwa, dole ya naɗe shi kafin ya sa a akwati. Takarda tana cikin kwalin, amma wa zai karanta takardar abin da hannunsa ya sani?"

Katung ya jawo jakarsa daga ƙarƙashin tebur, ya fito da wani abu naɗe cikin safa. Ƙarfen ya yi ƙara da ya taɓa katako. Ya kifa shi, ya nuna tayar baya ta hagu. Shuɗiya ce, ba ta yi zagaye sosai ba.

"Silifan babana ne," ya ce. "Tayar ta ɓace ina aji uku, na yi kwana biyu ina kuka. Ya cire takalminsa ya yanka da reza. Sati guda yana zuwa aiki da silifa mai rami. Da aka ƙona gidanmu na ɗauka komai ya tafi, ko hotonsa ba ni da shi. Ran Talata na ɗaga wannan na ga tayar."

"Daga wani mai tsofaffin kaya a Jos na saye shi," in ji Dattijo, muryarsa ta sauka. "Me ya hana ka faɗa mini?"

"Na fara, Baba. Na ce a bar tayar. Ka ce ƙazanta ce, ba tarihi ba."

Dattijo ya zauna. Rhoda ta ji tausayin Katung har cikin ranta, amma tausayin bai hana ta jin haushinsa ba.

"Wannan tsakaninku ne," ta ce. "In Baba ya shigar da ƙara, sata ce, ba ni da wani suna da zan ba ta. Amma Yaya Katung, tun ƙarfe tara kana jin ana kiran matar can ɓarauniya, kana nan kana jera takardu. Kai kuma Baba ka kira agency kafin ka kira ni. Ku tashi."

A kicin Dattijo ya kira agency, Rhoda ta sa shi ya buɗe muryar wayar kowa ya ji. Aka bar su suna jiran layi kusan minti goma da wani kiɗa mai sa barci. Da aka ɗauka ya ce kuskurensa ne, a mayar da Rukayatu bakin aikinta, kada a rubuta komai. Matar da ta ɗauka ta ce to, za a gyara. Katung ya durƙusa gaban Rukayatu ya fara ba ta haƙuri.

Rukayatu ta saurare shi har ya gama. Ta duba wayarta ta ga saƙon ya shigo, ta miƙe ta gyara mayafinta, don tana da wani aikin a Peckham ƙarfe sha biyu kuma bas ba ya jira. Sannan ta buɗe jaka ta fito da makullan, ta ajiye su a tafin hannun Katung.

"Na ji, Allah ya yafe mu duka. Aikin ina so, zan zo Litinin. Amma makulli ba zan sake riƙe shi ba." Ta rataya jakarta. "Ƙarfe shida nake zuwa. Kai ka zo ka buɗe mini, ka tsaya ka kalle ni har in gama."